"Ai gora ce kawai da tiyo"

Shekaranjiya wani bawan Allah ya shigo shago, ya daɗe a tsaye gaban akwatin kifi na gilashi da na ajiye a bakin ƙofa yana kallon ƙananan kumfa suna tashi daga jikin ganye. Ya tambayi abin da yake sa ciyawar ta yi shar haka, na janye labulen ƙasan teburin na nuna masa gorar da take tura wa ciyawar iskar kabon a cikin ruwan. Da ya ji farashi sai ya riƙe baki ya ce, "Haba Malam, wannan ai gora ce kawai da tiyo!" Na ce, "Alhaji, gorar ko kyauta na ba ka. Abin da za ka biya shi ne kifinka ya kwana da rai."

Da yankan gilashi na fara. Ina yaro mahaifina ya damƙa ni hannun wani dattijo a Sabon Gari mai yin tagogi da akwatunan nuna kaya, kuma a wajensa na koyi cewa ba a bin layi sau biyu da abin yanka, ja ɗaya ake yi a karya. Wata rana aka kawo masa gyaran akwatin kifi mai yoyo, ya ce in yi. Tun daga ranar zuciyata ta koma can. Na shekara ina haɗa akwatuna ina zuba musu furannin roba kamar kowa, har na ga hotunan aikin wani mutumin Japan, Takashi Amano, wanda ya rasu a 2015. Mutumin nan daji guda yake dasawa a ƙarƙashin ruwa, kuma gwajinsa na farko da ruwan soda mai gas ya yi shi, ya zuba a akwatin ya ga ciyawa ta farfaɗo. Anan na gane abin da yake kashe mini shuka. Ina ba ta haske, ina ba ta taki, amma iskar kabon, wato CO2, wadda da ita take haɗa abincinta, ɗan abin da ruwa yake sha daga sarari bai taka kara ya karya ba.

Masu hali tukunyar ƙarfe mai cike da iskar kabon suke saya da na'urar daidaita ta. Tana da kyau, ba na musu, sai dai tsada, ga wahalar neman inda za a cika ta. Mu kuwa abin da muke buƙata yana cikin kicin ɗin kowace uwargida: sukari da yis, wannan dai yis ɗin da ake kwaɓa fanke da alkubus. Yis yana cin sukari, yana fitar da iskar da take kumbura ƙulli, kuma kusan rabin nauyin sukarin iska yake komawa. A gora mai cin lita 2 nakan zuba sukari kofi biyu, da rabin ƙaramin cokali na yis wanda na jiƙa a ruwa mai ɗumi-ɗumi, don ruwan zafi kashe shi yake yi, sai ɗan bekin soda kaɗan saboda kar tsami ya yi saurin gajiyar da shi. Ba na cika gorar, nakan bar mata wuri daga kafaɗa zuwa baki domin kumfa.

Wannan kowa zai iya karantawa a intanet ya haɗa. Inda aikin yake shi ne murfi. Gorar lemo mai gas nake zaɓa a Ƙofar Wambai, don ita aka yi ta jure matsi, gorar ruwa kuwa ba ta da wannan ƙarfin. Ina huda murfin da ƙofar da ba ta kai kaurin tiyon ba, in yanke bakin tiyon a karkace, in zura ɗan tsinin, in kama da filaya in jawo da ƙarfi har ya matse kansa. Idan aka yi haka daidai ko gam ba a nema. Bayan nan sai in yi irin ta mai faci, in shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa in zuba ido. Kumfa ɗaya ta motsa, na warware na sake. Sannan iskar ba kai tsaye take shiga akwati ba, sai ta bi ta ƙaramar gora ta biyu mai rabin ruwa, wadda take tare duk wani kumfan yis da ya biyo tiyo, kuma a cikinta ake ƙirga kumfa a san yawan abin da yake fita. Daga nan sai ɗan bawul mai hana ruwa komawa baya, sai dutsen da yake niƙa iskar ta fito ƙanana kamar hazo.

Waɗannan biyun, gora ta biyu da bawul, su ne masu kwaikwayo suke tsallakewa. Sun ga aikina a gidan wani, sun ɗauki hoto, sun je sun huda murfi da ƙusa mai zafi sun laɓta gam sun sayar rabin kuɗi. An taɓa kirana wani gida a Hotoro, na tarar ruwan akwatin ya yi fari kamar an zuba koko, kifaye sun taru a sama suna haki. Gorar ce ta faɗi, ruwan yis ya bi tiyo ya shige. Hajiyar gidan ta ce, "Ɗana, an ce mini irin naka ne." Abin ya yi mini ciwo, domin sunana aka ara aka yi ɓarna.

Ni ma ba a banza na koya ba. Wani watan Afrilu, ana tsakiyar zafin nan na Kano da yake haura digiri 40, na haɗa sabuwar gora na rufe shago. Zafi yana zuga yis, abin da ya kamata ya fita a hankali cikin mako biyu zuwa uku sai ya yi ta ɓulɓulowa. Da dare shuka ba ta shan iskar kabon, ita ma oksijin take nema kamar kifi, ga ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa, ga shi an ɗauke wuta famfon akwatin ya tsaya. Da safe na kwashe kifaye goma sha ɗaya da hannuna. Gorar yis ba ta da makashi, wato abin da za a tsayar da iskar da shi, in ka toshe ta ma fashewa za ta yi. Shi ya sa duk wanda na haɗa wa, sai na nuna masa yadda zai saki iskar ta fita waje bayan sallar isha, kuma nakan nace ya sayi ɗan famfon iska mai batir. Da bazara ina rage yis, in tsoma gorar a bokitin ruwa. Da hunturu kuma akasin haka ne, sanyin asuba na Disamba da Janairu yana kwantar da yis har mutum ya zaci haɗin ya mutu, sai an naɗe gorar da tsohon tawul. Wanda ya kwafi ma'auni daga ƙasar sanyi ba zai san wannan ba.

Akwai tambayar da dattawa suke yi mini, kuma tambaya ce mai kyau: ruwan da ya rage a gorar fa? Gaskiya barasa ce take taruwa a ciki, ita ce ma take kashe yis ɗin daga ƙarshe. A zubar a magudana, a ɗauraye, kar a ajiye inda yaro zai kai hannu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da haka ba, ina da hanya ta biyu, wadda ni kaina na fi so. Gora ɗaya garin tsamin nan ne na sitirik da masu haɗa lemo suke amfani da shi, giram 200 a ruwa mililita 600. Ɗayar bekin soda giram 200 a ruwa mililita 200. Idan matsi ya ragu, tsamin yana ɗigowa kan sodar da kansa, iska ta tashi, matsi ya dawo, ɗigowar ta tsaya. Tana da agogon matsi, tana da makashi, da dare ka rufe ka kwanta hankali kwance. A kula, bekin soda nake faɗa, ba bekin fauda ba, don sau da dama ana aiko yaro ya sayo wancan. Na gwada kanwa ma, tunda duk mai dafa abinci ta san yadda take kumfa in ta haɗu da tsamiya. Tana ba da iska, amma ƙasar da take cikinta tana toshe hanya, na haƙura da ita.

Kayan wannan haɗin daga waje suke zuwa, kuma masu kawowa suna gwada mini haƙuri. Ka yi odar bawul ashirin, ka hura da baki ka tarar shida iska tana wucewa ta kowane ɓangare. Ba na ɗora ko ɗaya sai na hura shi da bakina.

Kowane akwati nakan maƙala masa ƴar kwalbar gwaji mai ruwan launi a jikin gilashi. Shuɗi na nufin iskar ta yi kaɗan, kore daidai ne, wajen miligiram 30 a kowace lita, in kuwa ta koma ruwan ɗorawa to a cire tiyo nan take. Launin yana ɗaukar kamar awa biyu kafin ya sauya, saboda haka ina ce wa mutane su fi yarda da kifin. In ya hau sama yana buɗe baki, ba sai an jira kwalba ba.

Ba kowa nake sayar wa ba. Wanda Anubiyas ya dasa, wannan mai kaurin ganyen da asalinta daga rafukan kudancin ƙasar nan da Kamaru ne, ba ya buƙatar gora, sai in ce ya riƙe kuɗinsa. Wanda akwatinsa ya wuce lita 100 kuma yis ba zai ɗauke shi ba. Amma mai son ƴar ciyawar nan da take shimfiɗa a ƙasa kamar darduma, ko jar shukar nan Rotala, shi ne mutumina.

Alhajin shekaranjiya ya tafi bai saya ba. Jiya da la'asar sai ga shi da ɗansa, suka tsuguna gaban akwatin daidai lokacin da kowane ganye ya ɗauki ƙwayoyin oksijin kamar an jera masa duwatsun wuya. Yaron ya sa yatsa a gilashi yana ƙirgawa. Uban ya ce, "Malam, yaushe za ka zo ka auna mana wurin?" Na ce Asabar in Allah ya kai mu, amma ya fara ɗebo mini ruwan rijiyar burtsatsensu a gora in gwada tukuna.