Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Itacen da Ba a Sarewa a Gonakin Rajastan

A makon jiya na tsaya ne a inda muka kammala kwas ɗin irin hatsi a ICRISAT, cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama, da ke Patancheru, kusa da birnin Haidarabad na ƙasar Indiya, wadda reshenta yake nan Sadore, kudu da Yamai. Kafin a sallame mu, sai aka ce za a kai mu jihar Rajastan, a arewa maso yammacin ƙasar, domin duk Indiya babu jihar da ta kai ta noman gero. Jirgin ƙasa ya sauke mu a Jodhpur. Birnin yana da ganuwa da fādar sarakuna a bisa dutse, masu yawon buɗe ido na ta ɗaukar hoto, amma ni abin da ya zauna mini a rai yana bayan gari.

An riga an yi girbi, sanyi ya fara shiga. Da motarmu ta bar kwalta, sai ga rairayi, ga karan hatsi a tsaye, ga awaki da raƙuma na kiwo a cikin gonaki. Wani abokin tafiyata ɗan Mali ya taɓa ni ya ce, "Malam, ai mun iso gida." A gidan da aka sauke mu, matar gidan ta kawo mana wani abin sha na garin gero da tsala, suna ce masa rab. Ban sha fura ba tun da na bar Maraɗi, don haka na sha na ƙara.

Abin da ya bambanta gonakinsu da namu na wancan lokaci shi ne itace. Kowace gona da na duba akwai wani itace mai ƙaya a cikinta, warwatse daga wannan kusurwa zuwa waccan, manya da ƙanana. Sunansa khejri. Saiwarsa tana nutsewa ƙasa sosai neman ruwa, saboda haka ba ya gasa da hatsi a saman ƙasa, kuma manoman sun ce hatsin da ke gindinsa ya fi na fili kyau. Ƴaƴansa, waɗanda suke kira sangri, ana shanya su a yi miya da su. Ganyensa abincin dabbobi ne. Tsofaffinsu sun ce a shekarun yunwa har ɓawonsa ake daka wa a gauraya da gari. Shekaru bayan haka na sake ganin itacen nan a Dubai, inda alhazanmu ke zuwa sarin kaya, a can sunansa ghaf, kuma shi ne itacen da Daular Larabawa ta ɗauka a matsayin na ƙasa.

Mun tarar da su suna sassabe shi. Mutum zai hau da lauje mai kauri, ya datse rassan har itacen ya zama kusan tsirara, mata da yara a ƙasa suna kakkaɓe ganyen su tara, ƙayar a yi shinge da ita, itacen a kai murhu. Gangar jikin kuwa babu mai taɓa ta. Na sa tafinta ya tambayi dattijon da ke da gonar ko wane ma'aikaci ne ya ba shi izinin hawa. Dattijon ya dube ni bai gane tambayar ba, sai da aka maimaita masa. Ya ce itacen na kakansa ne, shi ya gāda, ɗansa zai gāda, wa zai tambaya?

Amsar nan ta dame ni, kuma sai na koma baya kafin matasa su gane dalili.

Lokacin da nake yaro a ƙauyenmu, gabas da Maraɗi, gonar Baba tana da gawo da kalgo da aduwa da magarya. Gawo kowa ya san halinsa: da damina yake zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani ya yi kore ya zubar wa dabbobi ƴaƴa, su kuma su kwanta a inuwarsa su bar taki. Sai gyaɗa ta zo da kuɗinta, garmar shanu ta zo, ita kuwa ba ta son kututture. Aka koya wa manomi cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal. Wanda ya bar sabara a gonarsa sai a kira shi rago. A gefe guda kuma dokar daji da muka gāda daga zamanin Faransawa ta mai da itatuwa irin su gawo na hukuma. Ka datse reshe a gonarka, tara ta hau kanka. To mutumin da ya ga tsiron gawo ya fito masa, me zai yi? Sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zama masa fitina. Jama'a ta ƙaru, saura ta ƙare, farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo baya, wanda muke kira El Buhari. Na ga shekarar da iska ta binne mana shuka sai da muka maimaita, muka sake maimaitawa. Na ga Inna tana dafa tuwo da kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona.

Ba a zauna haka nan ba. A watan Mayu na 1984, zamanin Janar Seyni Kountché, a nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada. Kowace ranar 3 ga Agusta muna dasa itace. Sai dai yawancin dashen da ake kawowa daga wurin reno, dogon yaro da turare, ba sa ganin damina ta biyu: ko ƙishirwa ta kashe su, ko gara, ko akuya. A daidai wannan lokaci ne Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura a 1983 cewa ƙananan kurmin da muke sarewa kowace bazara itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai a zaɓi tsiro mai ƙarfi kaɗan a kan kututturen, a datse sauran, a bar su su tashi. Shi ne sassaben zamani. A yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, mutane suka bar dubban itatuwa, da rabon ya ƙare da yawa suka koma suka sare. Lokacin da na tafi Indiya abin yana yaɗuwa a wasu ƙauyuka, amma har a lokacin akwai masu kiransa aikin Bature, kuma wanda ya reni itace yakan wayi gari ya tarar an sare masa da dare.

Ga ni kuma a tsaye a wata ƙasa mai ruwan sama ƙasa da namu, inda babu wanda ya ba manomi buhun abinci don ya bar itace.

Washegari aka kai mu wani ƙauye kusa da Jodhpur mai suna Khejarli. Mutanen wurin ƴan wata al'umma ce da ake kira Bishnoi, masu bin dokoki 29 da malaminsu Jambheshwar ya bar musu tun ƙarni na 15, ciki har da hana sare ɗanyen itace da kashe dabba. A 1730 Sarkin Jodhpur, Abhai Singh, ya aiko a sare khejri don a ƙona farar ƙasar ginin sabuwar fāda. Wata mata, Amrita Devi, ta rungume itace ta ƙi matsawa, aka kashe ta tare da ƴaƴanta mata uku. Mutanen ƙauyukan kewaye suka yi ta zuwa suna rungumar itatuwan, har aka kashe mutum 363 kafin labari ya kai wa sarki ya hana. Akwai wurin tunawa da su a ƙauyen. Barewa kuwa tana yawo kusa da gidaje ba ta gudun mutum.

Addininsu daban, nawa daban, kuma ba na cewa ran ɗan Adam ya tafi saboda itace. Amma a wurin na tuna hadisin da muka karanta tun muna makarantar allo, cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ta ci daga gare shi, face an rubuta masa sadaka. Na tuna Sayyidina Abubakar yana hana rundunarsa sare itace mai ƴaƴa, a cikin yaƙi ma. Mu ma an bar mana abin da za mu tsaya a kansa. Su dai sun riƙe nasu har ya zama yaro ba ya bukatar a gaya masa.

Wani abu kuma da na gani a gidajensu, a taƙaice: rijiyar ajiya da suke kira tanka, rami ne da aka gina aka rufe, ruwan rufin ɗaki da na tsakar gida yana gangarawa cikinsa da damina, a sha shi da rani. Duk lokacin da na ga ruwan kwanukan Maraɗi yana kwarara a titi yana cin kwazazzabai kan hanyarsa ta zuwa Gulbi, sai na tuna da ita.

Da na dawo gida, Baba ya riga ya rasu, gonar tana hannun ƙanensa. Na je na gaishe shi, na ba shi tsaraba, na kwashe labarin duka na faɗa masa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, sai da ka hau jirgi ka san haka? Kakanka bai taɓa sa gatari a gindin gawo ba." Na ce, "Haka ne, Baba. To me ya hana mu koma?" Ya ce, "Ka ba ni tabbacin idan na rene shi nawa ne, ba wanda zai ci ni tara, ba wanda zai sare mini da dare."

Wannan magana ita na ɗauka zuwa wurin aiki, kuma ita ce ta sauya yadda nake shiga ƙauye. Na rage maganar taki da inuwa, domin manomi ya fi ni sanin su. Na koma zama da maigari da liman da ardon Fulani da mata masu neman itacen wuta, a kan wa ke da itace, wa zai datsa, yaushe, kuma me za a yi wa wanda ya sare na wani. Irin wannan ne mutanen Ɗan Saga ta ƙasar Agye suka yi suna a kansa, da kwamitin sa ido da ya haɗa maza da mata da makiyaya. Dokar daji ta 2004 ta sassauta, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya rena a gonarsa. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram, an farfaɗo da hekta wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya yi suna da haƙa ramukan shuka masu tara ruwa da mu muke kira tassa. Na yi murna da haka, ko da yake hannuwan da suka yi aikin na manoma ne da ba a san sunayensu ba.

A bazarar da ta biyo baya, ƙanen Baba ya yarda muka bar kalgo da sabara a rabin gonar, ɗaya rabin ya share ta yadda ya saba, ya ce ido zai raba gardama. Abin da ya biyo baya, da rigimar da ta tashi tsakaninsa da wani makiyayi kan ƴaƴan gawo har ta kai mu gaban maigari, shi zan kawo mako mai zuwa in Allah ya kai mu.