Ƙannena masu neman aiki a gidajen Yahudawa a Monsi, ku ji nawa kuskuren

Lokacin da na samu aikin kula da wani dattijo Bayahude a Monsi, wani gari a yankin Rokland na jihar Niyok, kamar tafiyar awa ɗaya daga Manhatan, gani nake na gama sanin komai. Ai kosha, wato dokar abincin Yahudawa, halal ce kawai da wani suna, ba alade, yanka ake yi, shikenan. Wallahi wannan tunanin shi ya ja min duk abin da ya biyo baya.

Kwana na uku na haɗa wa Baba shayi da madara mai zafi, na jawo cokali daga durowa na juya. Ashe cokalin nama ne. Su nama da madara ba sa haɗuwa, ba a tukunya ba, ba a faranti ba, har wurin wanke-wanke biyu ne a kicin ɗin, kayan nama da jan alama na madara da shuɗi, kuma in sun ci nama sai sun jira awa 6 kafin su taɓa madara. 'Yarsa ba ta yi min faɗa ba, ta ajiye cokalin gefe ta kira malaminsu a waya ta tambaya, daga baya aka tsoma shi a tafasasshen ruwa. Wannan shirun nata ya fi faɗa ciwo a wurina.

Kuskuren Asabar, ranar hutunsu ta addini, ya fi muni. Daren Juma'a na ga farantin ɗumama abinci a kunne ba kowa a kicin, ni da na taso inda ba a barin wuta haka kawai, na zare filogi. Ban san tun daga faɗuwar ranar Juma'a har duhun Asabar ba sa kunna wuta ba sa kashewa, ba girki, ba mota, ba waya. Tukunyar wake da nama da aka ɗora ta kwana don abincin rana ta yi sanyi ƙalau, tsoho mai fiye da shekara 80 ya ci abinci mai sanyi saboda ni. Don Allah ran Juma'a da yamma duk abin da kuka gani a kunne ku bar shi yadda yake, har fitilar bayi.

Sai tafiya. Na taɓa kai su Baba garin Lekwud a jihar Niyu Jasi cikin Disamba, na ce bari in yi sallar Juma'a tukunna, ban yi lissafin cewa rana na faɗuwa wajen 4:30 ba kuma suna kunna kyandir na shiga hutun Asabar minti 18 kafin nan. Ga go-silo a hanya, ga Baba yana duba agogo hannunsa na rawa, da ƙyar muka isa. Da na faɗa musu tun Alhamis da mun tsara, don ba su taɓa hana ni sallah ba ko sau ɗaya. A hanya kuma kar ku saya musu komai sai kun ga tambarin kosha a leda, wanda ya fi yawa shi ne harafin U a cikin O, in da D a gefe to akwai madara. Abincin jirgi in an kawo a liƙe kar ku yi gwaninta ku buɗe musu.

Tsaraba ma a kula, busasshiyar tarwaɗa haramun ce a wurinsu don ba ta da ɓawo, haka naman raƙumi da zomo. Mu ma mu kula da namu, su giyar inabi halal ce a wurinsu kuma tana shiga girki, ni yanzu kafin in ci miyar kaza a gidan sai na tambayi 'yar Baba me ta sa, ita ma takan tsayar da ni ta ce wannan ba taka ba ce, ga taka can a ƙaramar tukunya.