FrontPage da rabin aikinsa da ke zaune a uwar garke

Duk wanda ya gina shafin intanet a ƙarshen shekarun 1990 ko farkon shekarun 2000 zai tuna FrontPage, manhajar da ke ba mutum damar tsara shafi kamar yadda yake tsara takarda a Word, ba tare da ya rubuta HTML, wato harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, da hannunsa ba. Kamfanin Vermeer Technologies na Amurka ne ya fitar da ita a 1995, Microsoft ya sayi kamfanin a farkon 1996, ya ci gaba da sabunta ta har zuwa FrontPage 2003, wadda daga ita aka rufe ƙofa. A 2006 Microsoft ya maye gurbinta da Expression Web da SharePoint Designer.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba a wancan lokaci shi ne, manhajar da ke kan kwamfutarsu rabin aikin kawai take yi. Ɗaya rabin yana kan uwar garken kamfanin da ya ba su hayar masaukin shafi, wato kwamfutar da ke ajiye shafin tana nuna wa baƙi shi, cikin wasu ƙananan shirye-shirye da ake kira FrontPage Server Extensions. Shi ya sa tambayar farko da ake yi wa kamfanin masauki kafin a biya kuɗin shekara ita ce ko yana da su, kuma bayan an buɗe asusu sai mai shafin ya shiga sashen gudanarwa ya kunna su kafin ya ɗora fayil ko ɗaya.

Idan an kunna su, aiki yana tafiya cikin sauƙi ƙwarai. Mutum ya rubuta adireshin shafinsa da sunansa da kalmar sirri, manhajar ta kwatanta abin da ke kwamfutarsa da abin da ke uwar garke, ta tura fayilolin da suka canza kawai, ta hanyar HTTP, wato hanyar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Idan ya sauya sunan wani shafi, ita da kanta take gyara duk mahaɗan da ke nuni zuwa gare shi. Da waɗannan shirye-shirye ne kuma ma'aunin yawan baƙi da akwatin bincike da fom ɗin aika saƙo suke aiki, abubuwan da a da sai wanda ya iya rubuta shiri da harshen Perl yake samar da su. A ganina wannan shi ne babban alherin FrontPage, domin ta ba malamin makaranta da ɗan kasuwa abin da a da yake hannun ƙwararru kaɗai.

Matsalar tana farawa ne ranar da aka haɗa hanyoyi biyu. Shirye-shiryen suna ajiye bayanin kowane fayil a cikin wasu foldoji irin su _vti_cnf da _vti_pvt, kuma a uwar garken da ke aiki da manhajar Apache suna rubuta nasu dokokin a cikin fayil ɗin .htaccess, wanda ke tsara wanda zai iya shiga folda. Wanda ya buɗe asusunsa da manhajar FTP, wato wata hanyar tura fayiloli ta daban, ya ga waɗannan foldoji masu baƙon suna, ya ɗauka tarkace ne ya goge su, ko ya ɗora na kwamfutarsa a kan na uwar garke, to ya ɓata lissafin. Washegari FrontPage ta ƙi karɓar kalmar sirrinsa, ko ma'aunin baƙi ya koma hoton da ya ƙi buɗuwa, maganin kuma shi ne a cire shirye-shiryen a sake girka su, wanda sau da yawa yake tafiya da duk gyaran da aka yi wa .htaccess da hannu. Akwai kuma batun tsaro, domin a wasu uwayen garke da aka saita da sakaci, kowa yana iya sauko da fayil ɗin service.pwd, inda ake ajiye kalmomin sirri a rufaffiyar siga mai sauƙin fasawa.

Juzu'in ƙarshe na shirye-shiryen shi ne na 2002, kuma tun da Microsoft ya daina kula da su, kamfanonin masauki suka riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya. Shafin da aka gina da FrontPage ba ya mutuwa saboda haka, tun da rubutu da hotuna HTML ne zalla, amma fom ɗinsa yana mutuwa shiru, baƙo ya cika ya aika, mai shafin bai sami komai ba.

Saboda haka, wanda ya gaji tsohon shafin wata makaranta ko ƙungiya ya fara da buɗe rubutun HTML na shafukan ya nemi kalmar webbot, domin duk inda ta bayyana akwai wani ɓangare da FrontPage ta saka, kuma waɗanda ke jiran uwar garke, kamar fom da akwatin bincike, dole a sake gina su da wani harshen shiri kamar PHP ko a mayar da shafin gaba ɗaya kan manhajar gina shafi irin WordPress. Kafin ya goge komai kuma, ya leƙa foldar _private ya kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfutarsa, domin a can ne fom yake zuba saƙonnin baƙi, kuma yana iya tarar da sunaye da lambobin wayar mutane na shekaru da dama da bai kamata a bar su a uwar garke ba.