Abin da katin ATM ya ci mini a tafiyar Umara

Tun da na dawo daga Umara ake ta tambayata wai shin katin banki yana aiki a Saudiyya ko dole sai mutum ya bi ta Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ya yi canji. Yana aiki wallahi, amma fa akwai kuɗin da yake zurarewa wanda ba za ka lura da shi a gaban mai shago ba, sai ka koma masauki ka zauna da alat ɗinka kana lissafi sannan ranka ya ɓaci.

Kun dai tuna a 2022 bankuna suka rage abin da za ka iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya ma aka rufe gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa da iyaka. Shi ya sa na tafi da kati biyu, na naira da na asusun dala.

Lissafin can ba wuya, riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 dala ɗaya, kenan riyal 375 dala 100 ce cif. Toh a Madina na shiga wani shagon dabino kusa da Harami na ɗebi ajwa ta tsaraba, kuɗin ya kama riyal 375 ɗin nan, mai shago ya ce shabaka ko kash, su shabaka suke kiran biya da kati. Na miƙa katin dala, sai na'urar ta kawo zaɓi biyu, riyal ko dala, ni kuma na ga ai dala ce a asusuna, ga mutane a bayana suna jira, kawai na danna dala. Ashe in ka yi haka masu na'urar ne za su yi maka canjin da farashinsu har da ribarsu a kai, abin da aka cire mini ya haura dala 100 sosai. Da riyal na danna, da Visa, kamfanin katin, ce za ta canza kusa da farashin gaskiya, bankina ya ɗora ɗan kasonsa shikenan. Abin ya yi mini ciwo don babu wanda ya taɓa faɗa mini, har a bankin da suka ba ni katin.

Na naira kuwa hawa biyu yake yi, riyal ya koma dala, dala ta koma naira a farashin da bankinka ya ga dama ranar, ba wanda ka gani a labarai ba. Ga kuma cirar kuɗi a ATM, duk cira akwai caji ko da riyal 50 ce, ni kuma na yi ta cira kaɗan kaɗan don kuɗin tasi da shayi, gara a cira da yawa sau ɗaya.

Otal ɗinmu na Makka ma sun riƙe wani kuɗi a katin a matsayin ajiya, ba su ci ba amma ban iya taɓa shi ba, sai da na yi kwanaki a Kano ya dawo. In Allah ya sake kira na, riyal ɗin tasi da abinci da sadaka a hannu zan tafi da shi tun daga Wapa, katin dala kuma na otal da manyan sayayya.