Tsakanin Tsidau da Rairayi: Yadda Na Zaɓa wa Kekena Taya

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye gabas da Damagaram, kuɗin kabu-kabu ne ya fara cinye mini albashi. Daga gidanmu a Birni zuwa makarantar kilomita 14 ne. Takwas na farko a kan kwaltar da ta nufi Mirya suke, sauran shidan kuwa sai ka sauka ka bi sawun amalanke: wani wuri fako mai tauri, wani wuri tsakuwa da duwatsu irin waɗanda suka kewaye garin nan, sannan wani kwari mai rairayi da ke shanye ƙafar jaki ma. Da na yi wata uku ina biya safe da yamma, sai na tara abin da ya samu na sayi keke ɗan Kwatano, irin mai giya da faffaɗar taya wanda ake ce wa VTT.

Keken kansa ba shi da laifi. Jikinsa ƙarfe ne mai kyau, giya 21, birkin roba mai matse wili. Tayoyin ne suka tsufa tun a ƙasarsu. Zanensu bai suɗe ba, shi ya sa ban kula ba, amma da ka lanƙwasa gefensu sai ka ga tsaga-tsaga kamar kaushi. Na fara hawa a watan Oktoba, daidai lokacin da tsidau ya bushe ya zube a hanya. A makon farko na yi faci sau biyar. Ranar da abin ya fi ci mini rai, na iso aji ƙarfe tara da rabi ina ture keke, na tarar da yara sun gaji da jira, rabinsu sun koma gona.

Ranar Alhamis ta kasuwa na shiga wani shago na ce a ba ni taya mai lamba 26, don haka na gani a jikin tawa. Aka ba ni, na biya, na kai wa wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu. Ya ɗora ta a kan wili, sai ga ta tana lilo, ta ƙi kamawa. Ya juya ta a hannunsa, ya goge gefen da babban yatsa, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a nan.

"Mushe, wannan ai ta wani keke ce daban."

Na ce, "Baba, 26 fa aka rubuta."

Ya ce, "Ashirin da shidan ba ɗaya ba ce. Duba ƙaramar lambar."

A jikin sabuwar an rubuta 26 x 1 3/8, kusa da ita kuma 37-590. A jikin tsohuwar tawa an rubuta 26 x 1.95, sai 50-559. Lambar ta biyu ita ce ta gaskiya: ta farkonta faɗin taya ne da milimita, ta ƙarshen kuma faɗin da'irar wili inda bakin taya yake zama. Wilina 559 ne, tayar da na sayo ta 590 ce, wato ta fi shi da milimita 31. Babu dabarar da za ta sa ta zauna. Daga baya na gane cewa keke mai inci 27.5 lambarsa 584 ce, mai inci 29 kuwa 622, manyan kekunan nan na da irin su Raleigh da Phoenix masu 28 x 1 1/2 kuma 635. Mai shagon ya yi mini kirki ya karɓi kayansa. Tun daga ranar, kafin in je sayen taya sai na rubuta lambar nan a takarda na sa a aljihu.

Kuskurena na biyu ya fi wannan tsada. Na ga hotunan masu hawan duwatsu a ƙasashen Turai, tayoyinsu masu manyan haƙora kamar na tarakta, na sa a raina irin su ne maganin hanyata. Na sa aka zo mini da guda biyu daga Kano, masu faɗin inci 2.40. Ranar da aka ɗaura su keken ya yi kyau ƙwarai, har yaran unguwa suka taru. Da na hau kwalta sai na ji kamar wani ya riƙe ni ta baya. Tayar tana gurnani, ƙafafuna suna aiki biyu, tafiyar da nake yi cikin minti 25 ta koma ta kusan 35. Dogayen haƙoran nan an yi su ne don laka da ƙasa mai danshi, inda suke nutsewa su kama. A kan kwalta da fako ba su da abin nutsewa, sai dai su lanƙwashe su cinye maka ƙarfi. A cikin rairayi kuma tona suke yi maimakon su hau sama. Ga shi ta bayan ta cika wuri har tana gogar jikin keke duk lokacin da wili ya ɗan karkace. Ƙasarmu busasshiya ce wata takwas ko tara a shekara, na je na sayo kayan ƙasar ruwa.

Na sayar da ta bayan da hasara, na bar ta gaban na ɗan lokaci. A nan ne na fara lura cewa ƙafafun keke biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta gaba ita ke juya ka, in ta zame a kan tsakuwa ka sha ƙasa, don haka tana son haƙora a gefe da za su riƙe ta a kwana. Ta baya ita ke ɗauke da mafi yawan nauyi, ita ke tura ka, ita ce kuma take saurin suɗewa, don haka tana son zane mai ƙanana haƙora a jere kusa da juna, wanda zai mirgina ba tare da gardama ba. Abin da na tsaya a kai yanzu shi ne 26 x 2.10 a gaba, mai matsakaitan haƙora, da 26 x 2.00 a baya, mai kusan santsi a tsakiya. Duk biyun irin masu nauyi ne, masu waya a baki da kaurin roba. Masu tsere suna neman taya maras nauyi mai siririn gefe, ni kuwa kauri nake nema, saboda ƙaya. Wani ƙaramin abu kuma: yawancin tayoyin nan suna da kibiya a gefe da ke nuna inda za su juya. Sau ɗaya wani yaro mai faci ya mayar mini da ita a juye, sai da na dawo gida na gani.

Amma abin da ya fi canza mini tafiya ba tayar ba ce, iskar da ke cikinta ce. A garin nan in ka ce a ba ka iska, sai an buga har taya ta koma kamar dutse, a ƙwanƙwasa ta da yatsa a ce ta yi. A kan kwalta hakan ba laifi. Amma da na shiga kwarin nan mai rairayi, tayar mai tauri sai ta yanka ƙasa kamar wuƙa, kan keke ya murɗe, in sauka in tura. Wata rana da gajiya ta ishe ni na danna bawul na rage iskar. Sai ga keke ya haye rairayin da ya saba kayar da ni, don tayar ta baje ta taka wuri mai faɗi. Murna ta sa washegari na ƙara ragewa. A wajen duwatsun nan na daki bakin wani dutse, nan take ta bayan ta sace. Da muka fito da tib, huda biyu ne a jere kamar saran maciji, inda bakin wili ya datse shi. Irin wannan huda ba ta ƙaya ba ce, alama ce cewa iska ta yi kaɗan.

Daga nan na sayi famfo ɗan ƙarami mai agogon awo, kuma a cikin duk abin da na ƙara wa keken nan babu wanda ya biya kuɗinsa kamarsa. Nauyina kilo 70 ne, da jakar littattafai a baya. In na fito daga gida ina sa kusan bar 3 (ma'aunin ƙarfin iska ke nan) a tayar baya, 2.5 a ta gaba. In na sauka daga kwalta sai in tsaya in rage, baya ta koma 2.2, gaba 1.9. Wasu famfunan da PSI suke awo, bar 1 kuwa PSI 14.5 ne. Tsayuwar rage iskar ta minti ɗaya ce, tana rage mini turin keke na minti goma. Wanda ya fi ni jiki zai bukaci iska fiye da haka, sai ya gwada ya samo tasa. A cikin bazara kuma, watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ba na cika taya tam in bar keke a rana. Iskar ciki tana ƙaruwa da zafi, ranar kuma tana busar da roba har ta tsattsage. Inuwar bedin makaranta ce wurin ajiyarsa.

Bawul ma sai da na canza. Keken ya zo da siriri, wanda famfon masu facin babur ba ya kamawa. Baba ya faɗaɗa ramin wilin kaɗan, muka koma mai kauri irin na mota da babur, wanda ko'ina ka tsaya a bakin hanya za a iya ba ka iska.

Sauran maganar ƙaya. Ƙaya a hanyata iri biyu ce. Akwai tsidau, ƙanana masu yawa, suna maƙalewa a taya su yi ta shiga a hankali, sai da safe ka tarar ta kwanta. Akwai kuma manya, na aduwa da na bagaruwa, waɗanda ke zubewa inda aka ja reshe za a yi shinge ko inda makiyaya suka sassabe wa awaki. Ƙayar aduwa in ta tsaya daidai babu tayar da ba za ta huda ba, maganinta ido ne kawai, da guje wa gindin itace. Tsidau kuwa dattijon nan ne ya yi mini maganinsa. Ya ɗauki tsohuwar tayata, ya yanke bakunanta biyu masu waya, ya aske haƙoran da reza, ya goge gefen da takardar yashi har ya yi laushi, sannan ya shimfiɗa ta a cikin sabuwar tsakaninta da tib. Na tambaye shi dalilin gogewar, ya ce in aka bar kaifin gefen, shi da kansa zai ci tib ɗin. Keken ya ƙara nauyi, ana ji in za a tashi. Amma daga faci biyar a mako na koma ina yin wata biyu ban buɗe taya ba, kuma wannan ciniki na yarda da shi.

Na ji labarin taya maras tib da ake zuba wa wani ruwa mai toshe huda da kansa. Dabarar tana da kyau, kuma ga tsidau kamar don shi aka yi ta. Ban bi ta ba. Tana son wili da taya na musamman, ruwan yana bushewa cikin ƴan watanni, a zafinmu ma ya fi sauri, kuma in ya ƙare ba abin da zan samu a shagon unguwa ba ne. Duk abin da zan ɗaura wa keken nan, tambayar da nake yi ita ce: in ya lalace a ƙauye ranar Talata da azahar, akwai wanda zai iya gyara shi da abin da ke cikin akwatinsa? Tib da sholisho kowa ya iya su. Saboda wannan dalilin ne ma na ƙi sayen shokozoba mai araha da wani aboki ya yi ta yaba mini. Ƙura tana shiga cikinta, bayan wata shida ta ƙage, ka zauna da nauyin banza a gaban keke. Birkin faifai ma na bar shi, na roba yana tsayar da ni, robarsa kuma ana samunta ko'ina.

Abubuwan da na canza ba su da yawa. Na sa sabon ƙyalle mai kauri a cikin wili don kan wayoyi ya daina huda tib ta ciki. Na sa kariyar ɗaukar kaya mai ƙarfi, jaka ta sauka daga bayana, gumi ya ragu. Na canza faifan giya na baya daga mai haƙora 14 zuwa 28, na sa mai kai wa 34, don in samu giya mai laushi ta rairayi. A rairayi ba ƙarfi ake so ba: ka koma baya a kan sirdi, ka sassauta riƙon kai, ka ci gaba da juya feda ba tsayawa, kada ka yi kwana da gaggawa.

Kaca ce ta ƙarshe da na koyi darasinta, kuma da tsada. Ina ta zuba mata baƙin mai ina ganin gata nake yi mata. Ashe man yana kama ƙurar hunturu da yashi, su haɗu su zama abin niƙa. Cikin shekara ɗaya kacar ta miƙe, ta cinye haƙoran faifan, sai da na sayi duka biyun. Yanzu duk Jumma'a da yamma ina wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, in ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, in goge na waje da tsumma har ta bushe. Ina kuma auna ta: ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne, don haka gaɓa 24 ya kamata su ba da inci 12 cif, wato kusan santimita 30.5. In ta zarce da milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi.

Shekara ta uku ke nan ina bin hanyar. Tayar baya ta fara suɗewa a tsakiya, zaren ciki bai fito ba tukuna, amma ba za ta kai kaka ba. Na gaya wa Baba in an yi albashin watan Satumba zan kawo sabuwa. Ya ce kada in taɓa mayar da suɗaɗɗiya gaba, ta gaban ce za ta koma baya, sabuwar ta hau gaba. Tsohuwar kuma ya ce in kawo masa, akwai wani malamin asibiti da aka tura wajen Dogo, shi ma tsidau ya hana shi sakat.