Taswirata a makabarta ta ƙare

Har yau in na tuna ranar da na miƙa rahoton nan ina washe baki sai kunya ta rufe ni. Mazaɓarmu a gefen Kano take, ni ke riƙe da rigakafin yara a asibitin sha-ka-tafi, kuma a takarda allurar ƙyanda mun haura 100 cikin 100. Har tafi aka yi min a mitin wallahi. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba, ta yaya za ka yi wa yara allura su fi yaran da ake da su yawa?

Kun dai san yadda muke yi, a ɗauko ƙidayar 2006 a yi ta ɗora mata ƙari duk shekara, a cire kashi 4 cikin 100 a ce su ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya, shi ke nan. To wurin da a 2006 gonakin dawa ne daga bayan makabarta har bakin rafi yanzu duk awon igiya ne, gida na gogar gida, ga waɗanda haya ta koro daga cikin birni ga waɗanda 'yan bindiga suka taso daga Zamfara da Katsina, amma taswirar da na gada a jikin bangon ofis a makabarta ta ƙare. Ni ma a nan nake juya babur ɗina.

Cikin zafin watan Maris wata mata ta shigo da yaro a goye, jiki rau, ido ja ya manne da kwantsa, ƙuraje tun daga bayan kunne.

"Baiwar Allah daga ina?"

"Bayan makabarta, malam."

"Waye mai unguwarku?"

"Ai mu ba mu da shi."

Abin da ya fi ci min rai, ta ce ta taɓa kawo shi allurar ƙyanda yana wata 9 aka ce ta dawo wani satin. Na san dalili, don ni na kafa dokar: kwalbar allurar ta yara 10 ce, in ka haɗa ta awa 6 sai zubarwa, sai na ce kar a buɗe don yaro biyu ko uku. Na yi tattalin kwalba. Kuɗin adaidaita ya hana ta dawowa.

Washegari muka shiga da akwatin ƙanƙara da bitamin A, ɗaki ɗaki, wasu yaran an ɓoye su ba wanka ba iska wai kar ƙyandar ta koma ciki. Wata yarinya ido ɗaya bai dawo ba. Ina ganinta a hanyar Islamiyya.

Yanzu kam in ina son sanin yawan mutane 'yan garuwa nake tambaya lungu nawa suke kai ruwa, wanzami ya faɗa min suna nawa ya yi a watan nan, dillalan fili kuwa sun fi kowa sanin inda gari ya nufa. Kwalba kuma ko yaro ɗaya ne a buɗe, a zo a tuhume ni.

Taswirar dai na sake zana ta da biro a bayan kwali, kuma tun kafin damina ta wuce an yi sabon layi bayan rafin.