Tuta a kan cikin mai rawa: yadda alamar ƙasa ke aiki a gajeren labari

Gajeren labari ba shi da filin wa'azi. Shafuka kaɗan ne, don haka marubucin da ke son nuna tazarar da ke tsakanin alkawarin Amurka da rayuwar baƙar fata sai ya ɗora nauyin a kan abin da ido ke gani: tuta, kuɗi, takardar makaranta.

Alkawarin a rubuce yake. Sanarwar 'yancin kai ta 1776 ta ce an halicci mutane daidai. Amma a 1896, a shari'ar Plessy da Ferguson, Kotun Ƙoli ta halatta raba fari da baƙi, kuma ba a rushe hakan a makarantun gwamnati ba sai 1954. A cikin wannan tsakanin, a 1947, marubuci baƙar fata Ralph Ellison ya fitar da labarin da aka fi sani da "Battle Royal", wanda ya zama babin farko na littafinsa Invisible Man a 1952.

A labarin, manyan fararen gari sun gayyaci wani yaro baƙar fata ya yi musu jawabi. Kafin jawabin sai aka haɗa shi da wasu yara baƙar fata, aka kawo farar mace tana rawa tsirara, da zanen tutar Amurka a kan cikinta. A jihohin kudancin ƙasar Amurka na wancan zamani, kallon farar mace kan iya jawo wa baƙar fata kisa. Su kuma manyan suna zare wa yaran ido, wanda ya kalla a tsawata masa, wanda ya kau da kai ma haka. Ga ƙasar a gabansu, an ce su so ta, an hana su kusantarta. Ita kanta matar abin wasan manyan ce.

Daga nan aka ɗaure wa yara goma idanu suka dambace da juna, sannan aka zuba musu kuɗi a kan darduma mai ɗauke da wutar lantarki. Tsabar da ke ƙyalli kamar zinariya ashe tagulla ce ta tallar mota.

Mai nazarin irin wannan alama ya yi tambaya uku. A hannun wa take? Wa aka yarda ya taɓa ta? Me ya samu wanda ya miƙa hannu? Ta ukun ta fi muhimmanci, domin a nan ne alama ke zama aiki, ba ado ba.

Inda ake kuskure kuwa sananne ne. Wani marubucin yakan sa jarumi ya fassara alamar da bakinsa, ya ƙwace wa mai karatu aikinsa. Wani yakan cusa tuta da gaggafar tambarin Amurka da taken ƙasa a shafi ɗaya, su danne juna. Ellison ma alamominsa da yawa, amma bi da bi suke zuwa, kowace da ciwon da take sa wa jikin yaron. Ɗalibai kuma sukan rubuta cewa tuta tana nufin 'yanci su tsaya nan, alhali a kan cikin wa aka zana ta, da kuma wa ke kallo, su ne ma'anar.

Jakar fatar da aka ba yaron a ƙarshe ta fi wuyar karantawa. Tallafin karatu ne na gaske a ciki, amma zuwa kwalejin baƙar fata zalla, kuma yaron ya karɓa da murna, jini na zuba daga bakinsa.